Zurfin Sauti a Ɗakunan Magarya da Dungas: Yadda Lasifika Biyu Ke Dawo da Dandalin Makaɗa Cikin Gida

Gundumomin Magarya da Dungas, waɗanda ke kudancin jihar Damagaram a bakin iyakar Nijar da Najeriya, suna cikin yankunan da suka fi yawan jama'a a ƙasar, domin ƙidayar shekarar 2012 ta sami fiye da mutum 570,000 a Magarya da fiye da 350,000 a Dungas, wadda aka cire daga jikin Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011. Kusancin iyaka ya sa kayan sauti sun daɗe suna shigowa yankin daga kasuwar Sabon Gari ta Kano da kasuwar Maigatari da kasuwar Dole ta Zinder, tun daga zamanin rediyo mai batir da rikoda mai kaset har zuwa yau da akwatunan Bluetooth da amfilifaya da lasifikoki, waɗanda mutanen yankin kan kira bafal, suka cika rumfuna. Tambayar da mai saye ya fi yi wa mai sayarwa ita ce ta ƙarfi, wato iyakar nisan da ƙarar na'urar ke kaiwa, alhali kuwa akwai wata siffa ta sauti da ta fi ƙara daraja ga mai sauraro a cikin ɗakinsa, wadda masana ke kira zurfin dandali. Wannan siffa ba ta dogara ga tsadar kaya kamar yadda ta dogara ga abubuwa uku da ke hannun mai gida: ingancin ɗaukar da ya saka, wurin da ya ajiye lasifikokinsa, da halin ɗakin da yake zaune a ciki.

Abin da ake nufi da zurfin dandali

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar salla, a Magarya ko a Wacha ko a Dungas, ya san tsarin da makaɗa ke bi ko da bai taɓa ba shi suna ba. Mawaƙi yana gaba, 'yan amshi suna bayansa, masu ganguna suna gefe, sanƙira yana kai da komo yana zuba kirari, masu kakaki da algaita kuma suna can nesa kaɗan, inda amonsu ke tasowa ta saman kawunan jama'a. Idan mutum ya rufe idanunsa a wannan wuri, zai iya nuna inda kowannensu yake, ya kuma faɗi wanda ya fi kusa da shi da wanda ya fi nisa. Wannan hoto da kunne ke zanawa shi ne dandalin sauti, kuma yana da faɗi daga hagu zuwa dama, yana da zurfi daga gaba zuwa baya.

Na'urar sitiriyo, wato wadda ke fitar da sauti ta hanyoyi biyu mabambanta, ɗaya zuwa lasifikar hagu ɗaya zuwa ta dama, an ƙirƙire ta ne don ta sake zana wannan hoto a cikin ɗaki. Idan an daidaita ta, mai sauraro ba ya jin sautin yana fitowa daga akwatunan biyu, sai ya ji muryar mawaƙi tsaye a tsakiya inda babu akwati ko ɗaya, ya ji amshi ya ja da baya kamar ya ratsa bangon ɗakin, gangunan kuma kowace ta kama nata wuri. Idan ba a daidaita ta ba, dukan makaɗan sukan manne a layi ɗaya kamar zanen da aka liƙa a bango, kuma ƙarin ƙara ba ya raba su, sai dai ya ƙara cakuɗa su.

Yadda kunne ke auna nisa

Kunnuwa biyu suna gane hagu da dama ne ta bambancin lokaci da na ƙarfi. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya idan zafin iska digiri 20 ne, yana kuma kaiwa kusan mita 355 a zafin digiri 40 irin na watannin Afrilu da Mayu a wannan yanki, saboda haka sautin da ya taso daga dama yakan riga isa kunnen dama da tazarar da ba ta kai milisakan ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, sannan kai yakan tare wani ɓangarensa kafin ya isa kunnen hagu. Masanin Ingila Lord Rayleigh ya bayyana wannan tsari a shekarar 1907. Amma gane nisa wani aiki ne daban, domin abin da ke gaban mutum kai-tsaye yana isa kunnuwa biyu a lokaci guda ko yana kusa ko yana nesa, don haka ƙwaƙwalwa takan nemi wasu alamomi.

Alama ta farko ita ce raguwar ƙarfi, domin a fili sauti yana raguwa da desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti, duk lokacin da nisa ya ninka. Alama ta biyu, wadda ta fi kowace muhimmanci a cikin gini, ita ce gwargwadon sautin da ya zo kai-tsaye daga bakin mai magana idan aka gwada shi da amon wuri, wato sautin da ya bugi bango da rufi da ƙasa kafin ya iso. Mai magana na kusa sautinsa na kai-tsaye ne ke rinjaye, na nesa kuwa amon wurin ne ke lulluɓe muryarsa. Alama ta uku ita ce dushewar siraran sautuka, domin iska tana shanye kaifin sauti a kan hanya fiye da yadda take shanye kaurinsa. Misalin da kowa ya sani shi ne kiran sallar asuba: muryar ladanin masallacin unguwa tana zuwa da kowane harafi a fili, har ana jin jan numfashinsa, ta ladanin wata unguwa mai nisa kuwa tana zuwa a dunƙule, haruffanta sun narke, kuma ko an ɗaga ƙarfinta kunne ba zai ɗauke ta a matsayin ta kusa ba. Alama ta huɗu ita ce tazarar lokaci tsakanin sautin kai-tsaye da amo na farko da ya biyo shi, wadda masanin Amurka Leo Beranek ya ba muhimmanci a littafinsa na shekarar 1962 kan manyan zaurukan kiɗa.

Yawancin waɗannan alamomi suna da hali guda da ya kamata a riƙe: sautuka ne marasa ƙarfi, masu bin bayan babban sauti, saboda haka su ne farkon abin da ke salwanta idan ɗauka ta lalace, ko ɗaki ya cika amsa-kuwwa, ko hayaniya ta yi yawa.

Daga Faris zuwa faifai, daga faifai zuwa memori

Tunanin raba sauti gida biyu ya girmi rediyo, domin a shekarar 1881 injiniyan Faransa Clément Ader ya jera makirufo a bakin dandalin gidan wasan Opera na birnin Faris, ya aika sautin ta wayoyin tarho zuwa kunnuwa biyu na masu sauraro a wani gini. A watan Disamba na shekarar 1931 Alan Blumlein, injiniyan kamfanin EMI a Ingila, ya shigar da takardar mallakar fasahar da ta zama tushen sitiriyo na yau, a shekarar 1933 kuma masu binciken kamfanin Bell a Amurka suka aika kiɗan wata babbar ƙungiya daga Philadelphia zuwa Washington ta layuka uku. Faifan garmaho na sitiriyo bai yaɗu a kasuwa ba sai a shekarar 1958.

Yawancin tsofaffin waƙoƙin Hausa, irin na Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, an ɗauke su ne da hanya ɗaya, wadda ake kira mono, sau da yawa a gidajen rediyo ko a wuraren taro. Irin wannan ɗauka ba ta da faɗi, amma tana da zurfi na gaske, domin mawaƙin ya tsaya kusa da makirufo, 'yan amshi da makaɗa suna bayansa a nisan da suke a zahiri, kuma makirufon ya kama wannan bambanci yadda yake. Waƙoƙin sutudiyo na zamani, irin waɗanda ake shiryawa a Kano, ana bin wata hanya dabam wajen yin su: ana ɗaukar kowace murya ita kaɗai dab da makirufo, kiɗan fiyano yana shiga kwamfuta ta waya ba tare da ya ratsa iska ba, sannan mai haɗa sauti ya ƙirƙiri nisa da hannunsa ta hanyar rage ƙarfi da rage kaifi da ƙara amon roba. Idan ya ƙware, dandalin yakan fito da gaba da baya. Idan kuwa ya matse komai don waƙar ta fi ta wasu ƙara a waya, to ya kashe zurfin tun kafin waƙar ta bar sutudiyo, kuma babu na'urar da za ta dawo da shi.

Hanyar da waƙa ke bi kafin ta iso ɗakin mai sauraro a garuruwan yankin irin su Bande ko Malawa ita ma tana cin rabonta. Faifan CD yana ɗauke da bayanai kilobit 1,411 a daƙiƙa, fayil ɗin MP3 na kilobit 128 kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na wannan yake riƙewa, kuma abin da yake zubarwa shi ne sautukan da aka ƙaddara kunne ba zai lura da su ba. Matsewa ɗaya mai kyau ba ta cika ɓarna ba, amma waƙar da aka cire daga bidiyo, aka sake matse ta, aka tura ta daga waya zuwa waya ta hannun masu turi har ta sauka a memori, takan iso da wutsiyar amonta a gutsure, wani lokaci ma an haɗe hanyoyinta biyu sun koma ɗaya. Don haka matakin farko ga mai son zurfi shi ne ya nemi fayil mai kilobit 256 ko 320, ko wanda ba a matse ba, daga tushe mafi kusa da asali. Haka nan ya kamata a san cewa akwati guda mai ɗauke da lasifika biyu a tazarar taƙi ɗaya ba zai iya buɗe dandali ba ko da an rubuta sitiriyo a jikinsa, domin daga inda mutum ke zaune sautukan biyu tamkar daga wuri ɗaya suke fitowa.

Wurin ajiye lasifika

A gidaje da yawa ana rataye lasifikoki a kusurwoyin ɗaki can kusa da rufi don gudun hannun yara, ko a jera su biyu kafaɗa da kafaɗa a kan kabad kusa da talabijin. Duka hanyoyin biyu suna rushe dandali. Ƙa'idar da masana suka daidaita a kai ita ce ta alwatika mai ɓangarori daidai: tazarar da ke tsakanin lasifikokin biyu ta zama daidai da tazarar kowace zuwa kan mai sauraro, yadda kowace za ta kasance a karkace da digiri 30 daga tsakiyar fuskarsa. A ɗaki mai mita 3 da mita 4, wanda shi ne irin girman ɗakuna da yawa a garuruwan yankin, tazarar mita ɗaya da rabi zuwa mita biyu ta isa, kuma matsowa kusa tana da fa'ida, domin tana sa sautin kai-tsaye ya rinjayi amon ɗakin, sai amon da ke cikin ɗaukar ya sami damar bayyana.

Ba a bukatar wani ma'auni na musamman don wannan aiki. Mutum zai ɗaura igiya a wurin da kansa ke kasancewa idan ya zauna, ya ja ta zuwa fuskar lasifikar hagu ya yi ƙulli, sannan ya juya ta zuwa ta dama ya matsar da akwatin har fuskarsa ta taɓa ƙullin. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne bambancin santimita 34 kacal yana daidai da milisakan ɗaya, kuma wannan ya isa ya ja muryar mawaƙi daga tsakiya ya manna ta a jikin lasifikar da ta fi kusa. Masanin Jamus Helmut Haas ya nuna a binciken da ya kammala a shekarar 1949 cewa idan sauti ɗaya ya iso sau biyu a jere cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, kunne yakan haɗe su ya ba na farko hukuncin inda sautin ya fito. Tsawon da za a ɗora akwatunan shi ma abin lura ne, domin ƙaramar lasifikar da ke fitar da siraran sautuka tana harba su ne a miƙe kamar hasken tocila, saboda haka ya kamata ta yi daidai da kunne. Wanda ya saba zama a kan kujera zai ɗora su a kan abin da zai kai ta kusan mita ɗaya daga ƙasa, wanda kuwa ya fi son zaman tabarma ko darduma sai ya sauko da su ƙasa da haka, ya ɗora su a kan bulo ko wani abu mai nauyi da ba ya rawa.

Abin da ya fi kowane tasiri a kan zurfi shi ne tazarar lasifika daga bangon da ke bayanta. Idan akwatin yana santimita 30 daga bango, sautin da ya koma baya ya dawo yana biyo na kai-tsaye da ƙasa da milisakan biyu, kuma wannan amo na gaggawa yana shaida wa kunne cewa akwai bango a nan, sai dandalin ya tsaya a wurin. Idan aka jawo akwatin ya kai mita ɗaya, tazarar takan kai kusan milisakan shida, amon ya raunana, dandalin kuma ya fara miƙewa baya. A ƙaramin ɗaki ko santimita 60 aka samu za a ji bambanci, kuma wanda ɗakinsa ya matse zai iya yin alama a ƙasa, ya jawo akwatunan lokacin sauraro, ya mayar da su jikin bango idan ya gama. Kusurwa kuwa abar gudu ce, domin tana kumbura kaurin sauti har ya danne sauran. Bayan haka sai a ɗan karkato fuskokin akwatunan zuwa ga mai sauraro, kaɗan-kaɗan, ana saurare, har muryar tsakiya ta tsaya cak ba tare da faɗin dandalin ya tsuke ba. Talabijin ko kabad da ke tsakanin lasifikokin ya kamata a tura shi baya da layinsu, ko a yafa masa bargo lokacin sauraro.

Akwai kuskure guda da ke ɓata duk wannan aiki, wato juya wayoyin lasifika ɗaya, a saka ta ja a gurbin baƙa. Idan haka ta faru, fatar lasifika ɗaya tana turowa gaba a lokacin da ɗayar ke ja da baya, sai kaurin sauti ya zube, murya kuma ta watse ba a san inda take ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kama tashar rediyo lokacin labarai, a zauna a tsakiya, idan muryar mai karantawa ta dunƙule wuri guda tsakanin akwatunan to wayoyin suna daidai, idan kuwa ta bazu kamar tana fitowa daga cikin kai ko daga gefuna, sai a juya wayoyin akwati ɗaya kawai.

Ɗakin ƙasa, ɗakin siminti da rufin kwano

Ilmin amon gine-gine ya faro ne daga Wallace Sabine na jami'ar Harvard, wanda tun daga shekarar 1895 ya riƙa auna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu a cikin zaure, yana shigo da matasan kujeru yana fitar da su, har ya gano cewa wannan lokaci yana ƙaruwa da girman ɗaki, yana raguwa da yawan abubuwan da ke shan sauti a cikinsa. Kowa zai iya yin ƙaramin gwajin Sabine da tafi ɗaya: a tsaya a tsakiyar ɗaki a tafa hannu da ƙarfi, idan aka ji wani siririn kaɗawa yana bin tafin kamar an bugi tsirkiya, to sautin yana kai da komo tsakanin bango biyu masu santsi da ke fuskantar juna.

Wannan matsala ta fi yawa a sababbin gine-ginen bulo da siminti masu daɓen tayil, inda kowane sashe ke mayar da sauti kamar yadda madubi ke mayar da haske. Ginin ƙasa na gargajiya yana da fifiko ta wannan fuska, domin kaurin bangonsa yana tare hayaniyar waje, rashin miƙewar yaɓensa da jeren azarar rufinsa kuma suna warwatsa sauti ta fuskoki da yawa. Sai dai soron da aka yi wa ɗaurin guga ko bakan gizo yana iya tattara sauti a ƙarƙashin tsakiyar rufin, haka ma ɗaki mai zagaye, saboda haka a irinsu ya kamata mai sauraro ya kauce wa tsakiya. Rufin kwano marar silin shi ne mafi wahala, domin yana amsa kaurin sauti da karkarwa, kuma a watannin Yuli da Agusta ruwan sama kaɗai ya isa ya rufe duk wani amo mai laushi. Silin na katako, ko ma zana da aka shimfiɗa a ƙarƙashin kwanon, yana rage wannan. Girman ɗaki shi ma yana da nasa sautin da yake kumburawa: tsawon mita 4 yana ƙarfafa sautin da ke kaɗawa kusan sau 43 a daƙiƙa, faɗin mita 3 kuma kusan sau 57, kuma ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suka zo daidai yana tara kumburin biyu a sauti ɗaya. Kumburin ya fi tsanani a jikin bango, shi ya sa bai dace mai sauraro ya jingina kansa da bangon baya ba. Idan babu makawa, sai ya rataya abu mai kauri a bayan kansa.

Wuraren da suka fi bukatar gyara su ne inda sauti ke fara bugawa kafin ya iso kunne, kuma ana gano su da madubi. Mutum ya zauna a mazauninsa, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe daidai tsawon kunne, duk inda mai zaune ya hango lasifika a cikin madubin, nan ne wurin. A nan za a rataya abin da ke shan sauti, a bangon hagu da na dama daidai wa daida, a kuma shimfiɗa darduma mai kauri a ƙasa tsakanin akwatunan da mazauni. Kauri yana da muhimmanci, domin abu mai laushi yana shan sauti sosai ne idan kaurinsa ya kusanci rubu'in tsawon zangon sautin, kuma sautin da ke kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa, wanda ke tsakiyar muryar mutum, zangonsa santimita 34 ne, rubu'insa kuwa ya haura takwas. Saboda haka siririn labule kaifi kawai yake sha, kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ma bai wuce haka ba, amma bargo da aka ninka, ko gwado mai nauyi, ko tsohuwar katifar soso da aka lulluɓe da zane aka bar 'yar tazara tsakaninta da bango, duk suna aiki. Tabarmar kaba da faya-fayai da kwanduna da kantar littattafai suna taimakawa wajen warwatsa sauti a bangon baya. Jeren kwanuka da tangaran a kabad mai gilashi kuwa, duk da kyansa a ɗakin mace, yana amsa kiɗa da nasa ƙarar, don haka sai a sa tsumma tsakanin kwanukan ko a zaɓi wani ɗaki. Ba a so kuma a lulluɓe ɗaki gaba ɗaya har ya mutu, domin sautin da babu amo ko kaɗan a tare da shi yana gajiyar da kunne.

Wuta, ƙura da shiru

Da yake alamomin zurfi raunana ne, shiru yana cikin kayan aiki. Fanka da janareto da injin niƙa da baburan kabu-kabu duk suna cinye su, shi ya sa na'ura ɗaya ke yin sauti biyu, ɗaya da rana ɗaya bayan sallar isha'i. Wutar lantarki ma tana da hannu a ciki. Kamfanin wutar Nijar, NIGELEC, ya daɗe yana samun kaso mai yawa na wutar da yake rabawa daga Najeriya, kuma yankewar da aka yi a watan Agusta na shekarar 2023 ta ƙara tura mutane ga farantan hasken rana da batir. Injin juya wutar batir mai araha yakan fitar da wutar da ba ta da santsi, wadda ke shiga amfilifaya ta fito a matsayin zuzu da ba ya yankewa, kuma maganinsa shi ne injin da ke ba da wuta mai santsi, ko ƙaramar amfilifaya da ke aiki kai-tsaye da batir mai bolt 12. Murɗa ƙara har sauti ya fara tsagewa yana haifar da sautukan ƙarya da ke rufe na gaskiya, haka ma ƙure maɓallan kauri da kaifi, saboda haka a bar su a tsakiya, a kuma kashe maɓallan da ke alkawarin kewaye mutum da sauti, domin suna faɗaɗa dandali ne da kuɗin tsakiyarsa. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ƙurar hunturu tana shiga maɓallin ƙara ta sa hanya ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi, zafin bazara kuma yana busar da roba ko soson da ke kewaye da fatar lasifika har ya tsage. Rufe kaya da zane bayan amfani yana tsawaita ransu, kuma idan lasifika ɗaya ta ƙone aka kai ta wurin mai gyara ya sake naɗa mata waya, ya kamata a gwada ta da 'yar uwarta, domin sitiriyo ya ginu ne a kan daidaiton biyun. Tsofaffin akwatuna biyu na hannu masu sauti iri ɗaya sun fi sababbi biyu da suka saɓa.

Abin da za a bar wa masu zuwa

Mai sauraro ba zai ji zurfin da ba a ɗauka ba, kuma a nan ne batun ya wuce ɗakin mutum ɗaya ya shafi al'umma. Kiɗan fadojin tsohuwar ƙasar Sosebaki irin su na Wacha da Dungas, da gangunan 'yan kokawa, da waƙoƙin noma da na daka da na biki a ƙauyukan Magarya da Dungas, yawancinsu a yau da wayar hannu ake ɗaukarsu, wadda ke ɗaga raunanan sautuka ta danne ƙarfafa har na kusa da na nesa su zama ɗaya. Hanyar gyara ba ta da wuya, domin tun a farkon shekarun 1960 injiniyoyin gidan rediyon Faransa suka tsara ɗaukar da ake kira ORTF, wadda ke bukatar makirufo biyu kacal a tazarar santimita 17, an buɗe tsakaninsu da digiri 110, kuma ƙananan na'urorin ɗauka masu makirufo biyu a kai suna samuwa a kasuwa. Idan ma'aikacin gidan rediyon karkara ko matashi mai sha'awa ya kafa irin wannan na'ura 'yan mitoci kaɗan a gaban makaɗa, ya bar su suka tsaya yadda suka gada, ya kuma adana fayil ɗin ba tare da matsewa ba, to ya adana tsarin tsayuwarsu tare da muryoyinsu, kuma wannan tsari wani ɓangare ne na al'adar, domin shi ke nuna wanda ke jagora da wanda ke amsawa. Jikan da zai zauna wata rana a tsakanin lasifika biyu da aka auna da igiya, a ɗakin da aka rataya wa bargo a inda madubi ya nuna, zai ji mawaƙin a gabansa, 'yan amshi a bayansa, kakaki kuma yana tasowa daga can ƙofar fada.